Tsohon da Yake Yi wa Jirgi Sallama

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za a mayar da mu, wanda ya ɗaure kayansa da wanda bai ɗaure ba. Baba ya cika ranar wata Laraba da hantsi, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana fama da shi ba. Kafin magariba mun binne shi a wata maƙabarta da ke gefen Cheras, nan ƙasar Malayawa, a tsakiyar mutanen da bai san ko mutum ɗaya a cikinsu ba.

An yi zaman makoki a gidan ɗansa, Dakta, mai koyarwa a jami'a, can saman wani bene a Pantai Dalam. Falon ƙarami ne, don haka mu maza muka shimfiɗa tabarmi a baranda har bakin lif. Ɗalibai suna zuwa rukuni-rukuni, su yi addu'a, su ɗan zauna, su duba waya, su tafi. Yawancinsu a masallacin Juma'a kawai suka san shi, dogon tsoho mai hula ɗaya. Daga ciki wata mata ta yi ta maimaita cewa da ma a gida abin ya same shi, har surukarsa ta roƙe ta ta bar maganar. Dakta ya jingina da bango, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce na gode, bai ɗaga kai ba.

Ana cikin haka jikanyar Baba ta fito ta tsaya a kan ubanta. Yarinyar tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa. Ta tambaye shi a gaban kowa, idan sun koma Najeriya ƙarshen shekara, da Kaka za a tafi ko a nan za a bar shi shi kaɗai. Ba wanda ya amsa mata. Kowa ya san aikin Dakta ya kusa ƙarewa, har an fara zuba kaya a kwali. Ni na fi kowa sani, don ni zan kwashe kwalayen.

Sai lif ya buɗe, wasu mutane suka fito sanye da falmaran shuɗiya iri ɗaya, duk tsofaffi, da ɗan Caina da Ba'indiya da Malayawa, suna riƙe da ledar lemo. Suka tsaya a bakin tabarma ba su san inda za su sa ƙafa ba. Wani ɗalibi a kusa da ni ya raɗa mini, "Oga, masu gyaran lif ne?"

Na ce masa, "Abokan aikin Baba ne. Matsa musu."

Ya ce, "Baba yana aiki?"

Wannan tambayar ce ta sa nake rubuta wannan. Mutum ya yi shekaru yana fita duk Asabar da rigarsa a goge, ya mutu, mutanensa ba su san inda yake zuwa ba.

Ni ba ɗansa ba ne, ba mu haɗa komai ba sai yare. Ina da wata tsohuwar mota ta ɗaukar kaya, da ita nake ci a garin nan tun gashina yana baƙi. Ɗalibi zai tashi daga Sri Petaling ya koma Cheras, ni ne. Za a aika kaya gida, ni ne. Lokacin da matar Baba ta rasu a Yawuri, Dakta ya ɗauko shi ya kawo shi nan don kada ya zauna shi kaɗai, ni na ɗauko su daga filin jirgi. Da zai shiga motar sai da ya yi sallama, kamar mai shiga zaure. Muna tafiya ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce, "Ɗan Kano, motarka tana tari. Ka duba mata fulogi." Na duba, haka ne. Rayuwarsa duk a kan injin jirgin fito ya yi ta, a kan kogin Kwara, yana tsallakar da mutane da shanu da buhunan albasa.

Zaman bene ya kusa kashe shi tun kafin ajalinsa. Ɗa yana jami'a, suruka tana nata karatun, jika tana makaranta. Ya ce mini yana wuni yana ƙirga jiragen ƙasa ta taga kamar ɗan fursuna. Ba ya son shinkafarsu, ya ce ba ta da nauyi a ciki. Abin da ya karɓa a garin nan shi ne shayin mamak, wato Indiyawa masu shayi, wanda suke ɗagawa sama suna zubawa. Yakan zauna ya kalli mai haɗawa ya ce, "Wannan yaron da a bakin ruwa yake, da ya yi suna." Kuma komai ka ce masa a yi sauri, amsarsa ɗaya ce: "Ai ba gudu ake ba."

Makarantar jikanyarsa ce ta kai yara wani gidan tarihi a cikin gari, aka ce kowane yaro ya zo da babba, shi kaɗai ne babban da ba shi da abin yi. A can ya ga jirgin. Ƙaramin jirgin yaƙi ne mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, na Japanawa, tun na yaƙin duniya. An tsamo shi daga teku, aka kankare tsatsar, aka yanka gefensa aka yi ƙofa don mutane su riƙa shiga suna gani. Mutanen da ke cikinsa ba su fita ba lokacin da ya nutse. Baba ya dawo ranar nan bai iya cin tuwo ba. Asabar ta zagayo ya kira ni ya ce in kai shi. Wata Asabar ɗin ma haka. Tun masu yi wa baƙi bayani, waɗanda aikin sa-kai suke yi ba a biyansu, suna yi masa kallon baƙo, har suka fara ajiye masa kujera. Rannan wani baƙo ya yi tambaya a kan injin, Baba ya amsa da Turancinsa na bakin ruwa, yana nunawa da hannu. Bayan wani lokaci suka ba shi falmaran. Shi da kansa yake goge ta ranar Juma'a da yamma, ba ya barin surukarsa ta taɓa.

Malayawa suna kiran irin wannan jirgi kapal selam. Kapal jirgi, selam nutso. Baba da ya ji, salam ya ji. Ya shigo motata yana murna ya ce, "Ka ga mutanen nan suna da hankali. Jirgin sallama suke ce masa. Wato ba a shigarsa haka kawai." Ni ma lokacin ban san bambancin ba, na ce to. Daga ranar duk wanda Baba zai shigar cikin jirgin sai ya tsayar da shi a ƙofa. Ya ɗaga hannu ya ce a yi sallama tukuna. Balarabe, Bature, 'yan makaranta, kowa da yarensa, shi dai a gaisa kafin a sa ƙafa. Yara suka ɗauke shi wasa, suna layi suna yi wa ƙarfe sallama.

A nan suka haɗu da Ankul. Shi ne babbansu, ɗan Caina, tsohon malamin makaranta, siriri mai tabarau, irin mutanen da ba sa iya jin kuskure su yi shiru. Ina zaune a kedai, wato shagon shayi, na tsallaken titi ina jiran Baba ya tashi, sai ga su sun fito tare suna musu, suka zauna a teburina ba wanda ya kalle ni. Da Turanci suke yi, kowa da irin nasa.

Ankul ya ce, "Selam, Haji. Se, se. Nutso. Ba salam ba. Kana koya wa yara kuskure fa."

Baba ya ce, "Na ji, Tica. Bakina ne ya tsufa."

"To ka daina tsayar da mutane a ƙofa."

"Wannan kuma a'a."

Ankul ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Ka san su waye a ciki? Sojojin ƙasar da suka zo gidanmu suka tafi da kakana, ba a sake ganinsa ba. Uwata har ta mutu ba ta sayen kayansu. Ni ina nuna jirgin nan don yara su san abin da aka yi mana. Kai kuma kana sa su gaishe su."

Baba ya ture kofin shayinsa gefe. Sannan ya ce, "Allah ya isar wa kakanka. Ban ce mutanen kirki ba ne, ban san su ba. Amma ɗaki ne da mutane suka mutu a ciki, kuma ba wani nasu da ke zuwa. Ni ba zan iya faɗawa ciki kamar akuya ba."

Ankul ya ce, "Ni ba zan yi ba."

Baba ya ce, "Ban ce ka yi ba. Sha shayinka."

Haka suka rabu a kai, kuma haka suka zauna shekaru. Idan layin Ankul ne a shiga kai tsaye, idan na Baba ne a tsaya a ƙofa. Duk Asabar sai Ankul ya gyara masa kalmar, duk Asabar Baba ya ce bakinsa ne ya tsufa. Na tabbata daga baya yana iya faɗar ta daidai, don na ji ya faɗa wa wani direban tasi ba gargada. Ankul kawai yake yi wa.

Namu ma ba su bar shi ba. Wani ɗalibi mai karatun addini ya tare shi bayan Juma'a ya ce ya ji ana cewa yana yi wa matattun da ba Musulmi ba sallama. Baba ya ce, "Ɗana, idan ka shiga kangon da ba kowa, ba a koya maka abin da za ka ce ba? Shi nake cewa. Sauran kuma kowa ya gaisa da yarensa." Yaron ya ce zai duba. Baba ya ce, "Duba a hankali, ai ba gudu ake ba."

Dakta kuwa bai hana shi ba, amma bai taɓa zuwa ba. Kullum da taro, ko ɗalibi, ko takarda da za a gama. Na san yana ɗan jin nauyin a ce ubansa yana tsaye yana yi wa baƙi bayani da karyayyen Turanci. Ba na zarginsa. Ni da nake kai shi har ƙofa ma ban shiga ba.

Lokacin da matar Ankul ta mutu, Baba ya ce in kai shi. Na ce, "Baba, kun san yadda suke yin nasu kuwa? Da turare da ƙone-ƙone." Ya ce, "Ba shiga zan yi in yi abin da suke yi ba. Tsayawa zan yi ya gan ni." Ya ciro babbar rigarsa fara ta sallar idi, ya sa. Muka je ya tsaya a bakin rumfar, cikin rana, hannu a baya, ya ƙi zama. Ashe su fari shi ne kayan makokinsu. Dangin matar suka yi ta zuwa suna sunkuya masa, suna tambayar Ankul wane ne wannan baƙin mutum da ya san al'adarsu haka. A hanyar dawowa na faɗa masa, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kar ka gaya wa Tica. Bar shi ya ɗauka na yi karatu."

Dalilin sallamar bai faɗa mini ba sai wata rana da ruwan sama ya tsare mu a cunkoso, motoci ba gaba ba baya. Yana kallon ruwan da ke gudu a kwata ya ce yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya masa inji. Wata damina jirgin wan ya kife tun dare bai yi ba, a gaban mutane, aka tsamo wasu, shi ba a same shi ba. Suka bi ruwa har ƙasa suna nema, ba ko hula. Ya ce, "Uwarmu ba ta da inda za ta je ta tsaya. Ni kuma duk ranar da zan ratsa wurin sai in rage wuta in yi sallama. Fasinja suna cewa ina da aljanu." Ya goge gilashi da hannun riga. "Da na leƙa jirgin nan na ga inda suke kwanciya, shi na gani."

Na mayar da idona kan titi. Ni ba na iya irin wannan maganar.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne roƙon da ya yi ta yi mini. Kusan duk Asabar in ya sauka sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗan Kano, yau dai ka shigo." In ce akwai kaya a Sri Petaling, ko in ce ba wurin ajiye mota. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kawai na gaji, kuma ni ba na son wuri mai ƙunci, ko lif don dole nake shiga. Rannan ya ce, "Ka san me ya sa nake son ka shigo? Na gaji da Turanci. Duk abin da ke cikin jirgin nan na sa masa suna da Hausa, ba wanda zan gaya wa. Akwai idon jirgi, akwai huhunsa, akwai inda na sa wa suna makwancin ango saboda ƙuncinsa. Sau ɗaya dai in yi bayanin nan da bakin uwata."

Na ce, "Baba, sati mai zuwa in sha Allahu."

Ya ce, "To. Ai ba gudu ake ba."

A watan da zai kwanta, muna tsaye a danja kusa da wata maƙabarta, ya ce, "Waɗannan sun ji daɗi, nasu suna kusa. Ni in ta same ni a nan, yaran nan za su koma gida. Wa zai riƙa zuwa yana yi mini sallama?"

Na ce, "Haba Baba, ku da za ku koma Yawuri ku ƙara aure."

Ya yi murmushi. Tambaya ya yi mini ta gaske, na mayar masa da wasa. Danja ta ba mu hannu na ja mota.

Bayan an share makoki, Asabar ta zo na tashi da safe na ga ba inda zan kai kowa. Na tuƙa har gidan tarihin, na ajiye mota, ashe wurin ajiyewa yana da yawa. Jirgin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, baƙi, duk jikinsa tabo. Na tarar da layin 'yan makaranta, Ankul a gaba. Da suka iso ƙofar sai na ga ya tsaya, ya ɗaga hannu yadda Baba yake kwatanta mini, ya ce musu kowa ya gaisa kafin ya shiga. Shi bai buɗe baki ba, amma sai da ya jira na ƙarshensu ya yi.

Da ya gan ni ya ce, "Direban Haji. Yau ka shigo."

Na ce, "Na ga kana tsayar da su."

Ya ce, "Ba don waɗanda suka mutu a ciki ba. Kada ka yi kuskure. Layinsa ne aka ba ni, ba zan canja masa tsari ba."

Na yi sallama na sunkuya na shiga. Zafi, da warin tsohon ƙarfe, da wayoyi ko'ina. Ankul yana ta bayani da Turanci mai kyau, ni kuwa ina ta dube-dube ina neman wanne ne huhun, wanne ne makwancin ango. Na ga wani ɗan katako da mutum ba zai iya miƙe ƙafa a kai ba, na ce wataƙila shi ne. Ba wanda zan tambaya. Sunayen nan sun tafi tare da mai su, kuma ni kaɗai aka ajiye wa su.

Da muka fito Ankul ya ce, "Ɗansa zai tafi, ko?"

Na ce, "Ƙarshen shekara."

"Kai fa?"

Na ce, "Ni ina nan. Ba ni da ranar tafiya."

Ya ce, "Irina zai iya shiga inda kuka sa shi?"

Na ce, "Boleh, za ka iya. Ka dai bi inda na bi, kada ka taka kowa."

Ya ce in jira ya tashi daga aiki. Da yamma muka tafi a motata, ya zauna a kujerar Baba, falmaran a jikinsa. Ƙasar kabarin ba ta gama kwanciya ba, ruwa ya ɗan zaftare gefe ɗaya, na gyara da hannu. Na yi sallama, na yi addu'ar da na iya. Ankul yana tsaye a bayana, hannu a baya. Da na shafa sai ya matso, ya gyara tabarau, ya dubi ƙasar kamar mai duba aikin ɗalibi.

Ya ce, "Selam ne, Haji. Se. Har ka tafi ba ka iya ba."

Ya jira kaɗan, kamar za a ce masa baki ne ya tsufa. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Salam, Haji."

A mota ya tambaye ni ko Asabar mai zuwa ina da kaya. Na ce ko akwai, su jira.

Na gaya wa Dakta ya faɗa wa 'yarsa cewa a nan za a bar Kaka, amma ba shi kaɗai ba. Ya rufe fuska da hannu, karo na farko da na ga ya yi kuka tun ranar Laraba. Ba na yi masa alkawarin har abada, ni ma gwiwata ta fara ciwo, Ankul kuma ya girme ni nesa. Iya Asabar ɗin da Allah ya ara mana dai za mu je.

Allah ya yalwata masa makwanci fiye da wanda ya yi shekaru yana nuna wa mutane. Allah ya haɗa shi da wansa a inda ba ruwa mai cin mutum. Mu kuma da muka saura a ƙasar wasu, Allah ya sa a samu wanda zai rage wuta in ya zo wucewa ta kanmu.